Yanke Gaɓa Kaɗai Ba Ya Gama da Sankara

 Yau a wannan fili na kiwon lafiya daga nan Abuja za mu tsaya ne a kan wata tambaya da 'yan uwan marasa lafiya ke yawan yi wa likitoci, wani da kuka, wani da fushi. Idan sankara ta kama nono, ko mahaifa, ko ƙoda, me zai hana a yanke wurin ɗungurungum a jefar, kowa ya huta? Wani lokaci kuma tambayar takan zo ne bayan aikin gama ya gama, a ce: likita, ba kun ce kun cire ba? To daga ina ciwon ya sake ɓullowa?

Tambayar mai hankali ce, domin abin da muka saba gani ke nan. Wanda afendis ya kumbura masa, ana cirewa ya miƙe. Matar da ƙarin mahaifa ya hana ta sakat da zubar jini, idan aka cire mahaifar zancen ya ƙare har abada. Dole mutum ya yi zaton haka sankara take. Amma alƙaluman da ke gabanmu sun nuna akwai abin da ya bambanta ta. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai, mutum kusan 128,000 ne aka gano suna da cutar a Najeriya, kuma kusan 80,000 suka rasu sanadinta. Sankarar nono ce kan gaba da mutum fiye da 32,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasun an yi musu tiyata, kuma hannun likitan bai yi kuskure ba. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, wuƙar likita tana iya cire abin da ke zaune wuri ɗaya ne kawai, makomar mara lafiya kuwa tana rataye ne a kan ko ciwon ya riga ya bar wannan wuri kafin ranar aiki.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, kowacce tana da lokacin rabuwa gida biyu da lokacin mutuwa. Sankara tana farawa ne idan wata ƙwaya ta lalace ta daina bin wannan doka, ta yi ta hayayyafa babu tsayawa. Ƙari mara illa, irin na mahaifa da muka ambata, shi ma yana girma, amma a inda yake yake zama, yana ture abin da ke kusa da shi kawai. Ita sankara kutsawa take yi. Tana huda naman da ke kewaye da ita, ta shiga jijiyoyin jini, ta shiga hanyoyin ruwan jiki da ke kaiwa ga kaluluwar hammata ko ta matsematsi ko ta wuya. Daga nan ƙwayoyinta su bi jini su sauka a huhu, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. A lura da wannan da kyau: kullutun da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin cuta, kuma ya shafe watanni ko shekaru yana girma kafin yatsa ya ji shi. Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da muke da su, har da mafi tsada, ba sa ganin abin da bai kai 'yan milimita ba. Saboda haka idan likita ya duba hoto ya ce bai ga komai a huhu ba, gaskiya ya faɗa iya abin da na'ura ta nuna masa, amma ƙwayoyi dubu da suka taru wuri ɗaya ba za su fito a hoton ba.

Manomi zai fi kowa gane wannan, domin ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Idan ka tuge shi tun bai yi fure ba, ka raba gonarka da shi. Idan kuwa ka bari ya zubar da iri, to tuge uwar ba ya hana komai, don irin nasa kamar ƙura yake, ba a tsince shi, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru yana jiran a shuka dawa ko gero ya taso. Wani likita ɗan Ingila mai suna Stephen Paget ya faɗi kusan haka tun 1889, bayan ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar nono ta kashe. Ya lura cewa ciwon ba ya sauka ko'ina da ka, akwai gaɓoɓin da ya fi kamawa, sai ya ce ƙwayar cutar iri ce, gaɓar da ta karɓe ta kuma ƙasa ce. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa irin nan yana kwanciya ya yi barci. A wani nau'in sankarar nono, ciwon kan dawo a ƙashi bayan shekara 10, ko 15, har 20 da cire nonon.

Kada a ɗauka likitoci ba su gwada hanyar yankan ba. Sun gwada ta har iyakarta, kuma mata ne suka biya kuɗin gwajin da jikinsu. A ƙarshen ƙarni na 19, wani shahararren likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, William Halsted, ya yi imani cewa sankarar nono tana rarrafawa ne daki-daki daga nono zuwa abin da ke maƙwabtaka da shi. Idan haka ne, maganinta shi ne a yanka da faɗi. A 1894 ya wallafa bayanin aikinsa: a cire nono, a cire tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, a kwashe kaluluwar hammata gaba ɗaya. Wasu da suka biyo bayansa suka ƙara, har suna haɗawa da wani sashe na haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Aka shafe fiye da shekara 70 ana wannan aiki. Mata suka riƙa fita da ƙirji a lotse, hannu a kumbure ba ya ɗaguwa. Ciwon ya rage dawowa a ƙirjin, wannan gaskiya ne, amma mata suka ci gaba da mutuwa da shi a hanta da huhu da ƙashi.

Wani likitan fiɗa ne na birnin Pittsburgh, Bernard Fisher, ya ce a daina gardama da baki, a auna. A 1971 ya fara wani babban gwaji da mata fiye da 1,600, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu babban yanka irin na Halsted, wasu aka cire nonon kawai aka bar tsokar. Aka bi su shekara 25, ba a ga bambanci a tsawon rayuwarsu ba. A 1976 ya ƙara matsawa gaba: matan da kullutunsu bai wuce santimita 4 ba, wasu aka cire musu nono duka, wasu aka cire kullutun kawai da ɗan naman da ke kewaye da shi, aka bi da gashi na na'ura. Bayan shekara 20, adadin waɗanda ke raye daidai yake. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya samu irin wannan sakamako a 1981. Ma'anar wannan a fili take. Matar da ciwonta bai bar nono ba, ƙaramin aiki ya wadatar da ita. Wadda kuma ƙwayoyin suka riga suka bi jini, ko an yanke rabin ƙirjinta ba a kai gare su ba. Abin da ya ƙara yawan masu tsira shi ne maganin da ke zagaya jiki duka. A 1976 aka nuna a Milan cewa ƙarin ruwan maganin sankara, wato kimo, bayan tiyata yana rage dawowar ciwon. Ƙwayar tamoksifen kuma, idan matar da ciwonta ke cin abinci daga sinadarin mata ta sha ta shekara 5, tana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na san wani mai sauraro zai ce, to ai mun san waɗanda aka yi wa aiki suka warke sarai, suna nan cikinmu suna harkokinsu. Haka ne, kuma ba na so ko kaɗan a fahimci maganata a matsayin kushe tiyata. A cikin ciwukan daji masu yin kullutu, babu maganin da ya warkar da mutane da yawa kamar ta. Sankarar hanji da aka kama tun tana bangon hanjin, sankarar ƙoda da ba ta fita ba, sankarar bakin mahaifa a matakin farko, sankarar ido ta yara ƙanana da ke sa ƙwayar ido ta yi fari kamar ta kyanwa da dare, duk waɗannan akan cire gaɓar ko wani sashenta mutum ya rayu. Amma a dubi sharaɗin da ke tare da kowanne: tun da wuri. Nan ne matsalarmu take. Likitocin sankara a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa mafi yawan masu zuwa wurinsu sai ciwo ya kai mataki na 3 ko na 4, nono ya fashe yana wari, ko jini ya shekara yana zuba. A wannan mataki likita kan fara da kimo don ya rage girman ciwon kafin ya taɓa wuƙa, wani lokaci kuma ya ce aiki ba zai amfana ba. Iyali sai su ji kamar an ƙi taimakonsu ne, alhali ya hango cewa yankan zai ƙara wa mara lafiya rauni ne kawai. Akwai ma lokacin da ake cire nonon da ya ruɓe don a raba baiwar Allah da wari da zubar jini da zafi. Wannan aikin jinƙai ne mai daraja, sai dai ya kamata a gaya wa iyali a fili cewa sauƙi aka nema, ba warkewa ba.

Wani kuma zai ce, in haka ne a riga ciwon mana, a cire gaɓar tun lafiya lau. Ana yin haka, amma ga mutane ƙalilan. A 2013 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta sanar cewa an cire mata nonuwa biyu saboda ta gaji wata lalatacciyar ƙwayar gado da ke sa haɗarin ya yi yawa ƙwarai. Irin wannan aiki yana rage haɗarin da kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma ba ya kai shi sifili, don babu likitan da zai iya kankare kowace ƙwayar nono daga jikin fata. Ga sauran mata da ba su da wannan gado, cire lafiyayyen nono ba a nuna yana ƙara musu kwana ba. Sannan Allah bai halicci wata gaɓa a banza ba. Ba a rayuwa babu hanta. Wanda aka cire wa fankiriyas duka zai zauna da ciwon suga mai wuyar sha'ani da allurar insulin har ƙarshen ransa. Macen da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai tana da ƙuruciya, al'ada za ta ɗauke mata nan take, ƙashinta ya fara rauni. Namijin da aka cire wa furostet yana iya fama da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, shi ya sa a wasu dattawa da ciwonsu ke tafiyar hawainiya likita kan zaɓi sa ido kawai. Dashen gaɓa ma ba mafita ba ce mai sauƙi, domin magungunan da ake sha don kada jiki ya ƙi sabuwar gaɓar suna kwantar da garkuwar jiki, ragowar ƙwayoyin cutar kuma su samu sarari.

Akwai kuma ciwukan da babu ma abin da za a yanka. Sankarar jini tana cikin ɓargo ne, ɓargo kuma yana cikin ƙasusuwan jiki. Akwai wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Shi kansa likitan fiɗa ne, amma wuƙarsa ba ta yi maganin abin ba. Magani ne na allura ya narkar da kumburin cikin makonni, kuma cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki akwai Farfesa Victor Anomah Ngu, wanda ya yi bincikensa a asibitin koyarwa na Ibadan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, don na san tana zuciyar wasu tun da na fara. Za a ce, ashe dai magabata sun yi gaskiya da suka ce daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, in an taɓa shi fusata yake yi. Wallahi wannan magana ta kashe mata da yawa a ƙasar nan, kuma abin da na faɗa bai goyi bayanta ba ko kaɗan. Mu duba inda ta samo asali. Mace ta ɓoye kullutu shekara biyu tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai da numfashi ya fara yi mata wuya aka kai ta asibiti. Aka yi aiki, bayan wata huɗu ta rasu. 'Yan unguwa suka ce ƙarfe ne. Alhali ciwon ya isa huhunta tun kafin ta taka ƙofar asibitin. Ita kuwa wadda ta je da wuri aka cire mata ta warke, ba ta shelanta wa kowa ba, saboda kunya da tsoron bakin mutane, wata ma saboda tsoron kishiya ko saki. Sai ya zamana labarin waɗanda suka rasu kaɗai ake ji. Allurar da ake gutsuro ɗan nama da ita don a auna ba ta watsa sankarar nono. Jinkiri ne ke watsa ta, kuma kowane wata da aka ƙara a wurin mai sassaƙe ko wanzami, dama ce aka ba ƙwayoyin su yi nisa.

Sai dai akwai yankan da ke cutarwa da gaske, kuma ana yin sa a garin nan da kewayensa. Shi ne yankan da aka yi ba tare da an san abin da ake yanka ba. Mace ta je ƙaramin asibiti da kullutu, a ce mata ƙari ne kawai, a cire a ranar, a jefar da naman ko a miƙa wa miji a leda ya je ya binne. Ba a kai shi ɗakin gwaji ba, ba a san ko sankara ce ba, ba a san ko an bar ragowa a gefen yankan ba, ba a san ko tana cikin nau'in da tamoksifen ke yi wa aiki ba. Bayan wata takwas kullutu ya fito a kan tabon, an gudu ba a tsira ba. Haka ake yi da mahaifa: mace mai zubar jini a cire mata mahaifa irin cirewar da ake yi wa mai ƙari, ashe sankarar bakin mahaifa ce da ta riga ta kutsa gefe. Wannan mata abin da ya dace da ita tun farko shi ne gashi haɗe da kimo, kuma aikin da aka yi mata ya sa maganin nata ya ƙara wuya. Duk naman da aka cire daga jikin mutum haƙƙinsa ne a auna shi, a ba shi sakamakon a rubuce.

Maganar kuɗi ba zan tsallake ta ba, don ita ce hujja mafi nauyi. Magidanci daga Nyanya ko Kubwa ko Gwagwalada zai ce: na sayar da fili na biya kuɗin aiki, yanzu kuma ana ce mini kimo sau shida, da gashi na makonni, ina zan samo? Babu amsa mai daɗi a nan. Maganin sankara yana da tsada, na'urorin gashi da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai ko kusa da abin da al'umma fiye da miliyan 200 ke buƙata ba, kuma mutane daga jihohi da dama suna tururuwa zuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja suna bin layi. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa mata. Amma ko a hakan akwai abin da iyali za su iya yi. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta furostet a 2021, kuma Babban Asibitin Ƙasa na cikin asibitoci shida da aka fara da su. Akwai cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda aka yi dokarta a 2017, mazauninta kuma a nan Abuja yake. Tallafin bai isa kowa ba, amma wanda bai tambaya ba ba zai samu ba, kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti shi ne wurin farawa. Abu mafi muhimmanci shi ne a san tsawon tafiyar tun kafin a ɗaga ƙafa. Iyalin da suka san cewa tiyata kashi ɗaya ce cikin uku za su raba abin da ke hannunsu, su nemi gudunmawar dangi tun farko, maimakon su zuba komai a ranar aiki su koma gida da murnar an gama. Kuma kullutun da aka kai asibiti yana ƙarami, kuɗin maganinsa bai kama ƙafar na wanda ya fashe ba.

Saboda haka, 'yar uwa, idan kin ji kullutu a nono ko hammata, ko kina ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, kada ki jira ya yi zafi, domin sankara a farkonta galibi ba ta ciwo. Ki je babban asibiti, ko na Ƙasa, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Jabi. Kai kuma maigida, ka raka ta, ka tsaya a gaban likita ka tambaya: an auna naman kafin a yanka? Ciwon yana mataki na nawa? Bayan aiki, wane magani ya rage, kuma na tsawon wane lokaci? Likitan kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda aka riga aka yi wa aiki kuma ya daina zuwa asibiti don ya ji ƙarfi a jikinsa, ina roƙonsa ya nemo katinsa ya koma a cikin makon nan. Iyaye masu 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara bayarwa a Najeriya a watan Oktoban 2023, kyauta ne a asibitocin gwamnati, a tambaya a kai su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi.